Wurin ninkaya na wani otal a Birnin Kebbi: ruwa garau, wari mai hawa kai

A tsakiyar bazarar bana, da zafi ya kai intaha, na kai 'ya'yana biyu wurin ninkaya na wani otal a Birnin Kebbi. Ruwan garau yake, har ana hango tayil ɗin ƙasa, kuma mai tsaron wurin bai ɗauke idonsa daga kan yara ba, abin da ya kwantar mini da hankali ƙwarai. Sai dai tun daga bakin ƙofa wani wari mai hawa kai ya tarye mu, kuma kafin la'asar idanun autata sun yi jawur, tana murza su tana tari.

Da na yi wa mai kula da ruwan magana, sai ya ce, "Alhaji, ai ƙanshin tsabta ke nan, kulorin muka zuba." Da zuciya ɗaya ya faɗa, amma ba haka abin yake ba. Idan kulorin ya haɗu da gumi da fitsarin masu iyo, yakan haifar da sinadarin naitirojin tiraikuloraid, wato NCl3, wanda ba ya daɗewa cikin ruwa, sai ya tashi ya taru dab da samansa, daidai inda hancin yaro yake. Wurin kuwa a rufe yake, tagoginsa ƙanana, iska ba ta ratsawa.

Sinadarin nan, idan zallarsa ne, ruwa ne mai maiƙo, rawaya, da ke fashewa da ɗan girgiza. Pierre Louis Dulong, Bafaranshen da ya fara haɗa shi, ya rasa ido ɗaya da wasu yatsu garin bincikensa. Ɗan abin da ke tashi daga ruwan iyo ba ya fashewa, ido da ƙirji yake taɓawa, musamman na mai asma. An ma taɓa farantar da fulawa da shi, har sai da Edward Mellanby, masanin kimiyya ɗan Birtaniya, ya nuna a 1946 cewa irin wannan fulawa tana sa karnuka farfaɗiya, Amurka ta hana sa shi a fulawa a 1949.

Abin da ya fi damuna shi ne famfon da ya kamata kowa ya wanke jikinsa kafin shiga ruwa a bushe yake, banɗakin kuma yana can bayan gini, inda yaro zai yi ƙyuyar zuwa. Na roƙi manajan ya gyara famfon, ya kuma ƙara tagogi. Ya saurare ni da mutunci, ya rubuta a takarda, amma ba zan mayar da autata ba sai na je ni kaɗai na shaƙi iskar wurin.