Fankar ruwa a Abuja: ta bazara ce, ba ta damina ba

Masu shagunan kayan lantarki a kasuwar Wuse suna kiran fankar ruwa eya-kula, kuma mutane da yawa suna sayenta da tsammanin za ta yi musu aikin esi, shi ya sa ƙorafi yake yawa a kanta. Tawa mai tankin lita 20 ce, na kuma gamsu da ita ƙwarai, sai dai amfaninta yana bin yanayi.

Wani ƙaramin famfo ne yake ɗaga ruwa daga tanki ya jiƙa kwali mai ramuka da ke bayanta, fanka kuma ta ja iska ta cikinsa. Ruwa ba ya buƙatar tafasa kafin ya zama tururi, domin ko yana da sanyi, wanda ke samansa yana ta kuɓucewa yana shiga iska, kuma kowace lita da ta tafi haka tana ɗauke zafin da ya kai kusan kilojul (ma'aunin makamashi) 2,400. Daga jikin iskar ake zare wannan zafi, sai ta fito da sanyi. Haka randa take sanyaya ruwa, kuma a kan wannan hikima marigayi Mohammed Bah Abba na Jigawa ya gina tukunyarsa ta adana kayan lambu, wadda ta jawo masa lambar yabo ta Rolex a 2000.

A watannin Fabrairu da Maris, lokacin da zafi ya tsananta kuma iska take a bushe, fankar tana shan ruwa sosai, tana kuma ba da sanyi mai daɗi wanda ba ya busar da maƙogwaro. Wutar da take ci kaɗan ce, har ƙaramar sola tana iya ɗaukarta dare guda, abin da ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai fama da ɗaukewar wuta. Amma da damina ta kankama, musamman a Agusta, iska ta riga ta ƙoshi da laima, ba ta karɓar wani tururi, don haka sanyin yakan ɓace, jiki ya riƙa danƙo. A lokacin nakan kashe famfon in bar fankar kaɗai.

Dole ne a bar taga a buɗe, in ba haka ba laimar da take fitarwa za ta cika ɗakin, aikinta ya tsaya. Ruwan burtsatse yana barin farin dabbare a kan kwalin, ruwan da ya daɗe a tanki kuma yana wari, saboda haka a riƙa wanke shi kowane mako. Mai ɗakin da ba shi da taga mai kyau gara ya tara kuɗinsa ya sayi esi.