Regex101 ya fitar da ni kunya a kan sifili da ɗaya

Jama'a duk mai koyon firogiramin da bai san shafin regex101 ba, inda ake gwada regex (jerin alamomin da ake rubutawa don neman wani tsari a cikin rubutu), wallahi wahalar da kansa kawai yake. Mu aikin gida aka ba mu, wai a gano ko jerin sifili da ɗaya wani ɗan guntu ne ake ta maimaitawa, kamar 101101101 ai 101 ne sau uku, shi kuwa 10110110 bai cika ba. Kwana biyu ina fama da lup cikin lup (umarnin maimaitawa cikin wani) a yaren Python har kaina ya yi zafi, sai wani abokina ya ce kai malam buɗe regex101 mana.

Kyauta ne, ba sai ka yi rajista ba, sama ka rubuta regex ɗinka ƙasa ka zuba lambobin, nan take ya shafa wa abin da ya kama kala. Na rubuta ^([01]+)\1+$ (wato a kamo guntu a cikin baka, \1 kuma ya waiwayo shi ya ga ko shi ake ta maimaitawa har ƙarshe) na gwada da 10101010, ya kama kam, amma ya nuna min guntun 1010 ne alhali ni 10 nake nema, na zauna ina ta hararar allo kamar shi ya yi laifi, ashe ni ne, alamar + ɗin nan ta cikin baka haɗama gare ta, mafi tsawo take fara cafkowa, ina ƙara ? a bayanta sai ga 10 ya fito tsaf. Abin da ya fi burge ni shi ne bayanin da yake jerowa a gefe, kowace alama sai ya faɗa maka aikinta, ga kuma adadin matakan da ya bi, a nan na ga yadda lissafin ke kumbura in jerin ya yi tsawo kuma bai dace ba.

Ka dai lura da yaren da ka zaɓa, in ka danna Golang (yaren Go) to \1 ba zai yi ba don injin regex na Go bai yarda da waiwaye baya ba, ka tsaya kan Python ko injin regex na PCRE. A waya yana buɗewa amma tawa ƙarama ce, a laftof na fi jin daɗinsa.

A ƙarshe ma ba regex na miƙa ba, (s+s).find(s,1) na Python na yi amfani da shi, wato a ninka jerin s biyu a nemo inda ya sake bayyana, ya ba ni 3 a kan 101101101, tsawon guntun 101 ke nan, sai dai a regex101 na fara gane me ake nufi da tsawon guntun.