Tsohuwar Land Cruiser 80 ko Discovery 2: wacce ta fi cin aljihu?

A wajen saye Discovery 2 ta fi araha nesa ba kusa ba, sai dai araha ba ta ado. Land Rover ta ƙera ta daga 1998 zuwa 2004, kuma injinta na dizal, Td5 mai silinda 5, yana da tsimin mai. Matsalarta wayoyi ne. Baƙin mai kan bi wayar nozul, wato abin da ke fesa dizal cikin injin, har ya isa kwamfutar injin. Ka zare soket ɗin ka tarar ya jiƙe sharkaf, mota tana ta shessheƙa. Ga tsatsa da ke cin shasi ta baya, don haka ka leƙa ƙarƙashi da tocila kafin ka taya.

Toyota Land Cruiser 80, wadda aka fara a 1990, tsadar saye gare ta, ga zuƙar mai. Injinta 1HZ mai lita 4.2 ba shi da turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji iska don ƙara masa ƙarfi, ba kwamfutar da ke sarrafa shi, kowane bakaniken dizal zai iya taɓa shi. A hawan tudu kam sai haƙuri. Giris kan tsiyayo ta bayan tayoyin gaba, amma gyara ne da ake ganin zuwansa.

Ni dai in tafiyar daji ce, Toyota zan hau.