Jirgin Frecciarossa daga Rum zuwa Napoli: ya dace da mai yini ɗaya a hannu?

Wanda ya je hutu birnin Rum na ƙasar Italiya, ya gama zaga Kolosiyum da Fadar Batikan da sauran wuraren da kowane baƙo ke zuwa, sau da yawa yakan tarar yini guda ya rage masa kafin ranar komawa gida, sai ya shiga shawarar inda zai kai wannan yinin. Wasu kan ce a zauna a cikin birni a huta, wasu su ce a nufi Filorens, wasu kuma su ce babu abin da ya kai kufan Pompei, tsohon garin da aman wutar dutse ya binne a kusa da birnin Napoli. Ni dai ina tare da masu cewa Pompei, kuma abin da ya sa tafiyar take yiwuwa a yini ɗaya shi ne Frecciarossa, jirgin ƙasa mai gudun tsiya da ke tsakanin Rum da Napoli. A kan wannan jirgi, da kuma ƙaramin jirgin da ake canzawa zuwa gare shi, zan yi bayani.

Frecciarossa na kamfanin Trenitalia ne, wato kamfanin jiragen ƙasa mallakar gwamnatin Italiya. Yana tashi daga tashar Roma Termini ya isa Napoli Centrale cikin kimanin awa ɗaya da minti 10, alhali nisan da ke tsakanin biranen biyu bai gaza na Kano zuwa Kaduna da wani abin kirki ba. An buɗe layin dogon da yake bi a watan Disamba na 2005, kuma a mafi yawan hanyar gudunsa yakan kai kilomita 300 a awa. Tun daga 2012 yana da abokin gasa a kan layin, wato Italo, wanda kamfani ne mai zaman kansa, kuma wannan gasa ta amfani fasinja ƙwarai, domin jirage sun yawaita har ba a cika yin rabin awa ba tare da wani ya tashi ba, kuɗin tikiti kuma ya sauko ga mai saye da wuri. Tsakanin kamfanonin biyu ban ga bambancin da zai sa mutum ya nace wa ɗaya ba. A duba lokaci da farashi kawai a ɗauki wanda ya fi dacewa.

Cikin jirgin yana da tsabta da sanyi, kowane fasinja da lambar taragonsa da ta kujerarsa a jikin tikiti, akwai wurin cajin waya a gefen kujera, kuma ba a auna kaya. Frecciarossa yana da matakai huɗu, daga Standard zuwa Premium da Business har Executive, amma ga tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba, biyan kuɗin babban mataki asara ce kawai. Kujerar Standard ta wadatar, kuma kafin mutum ya gama kallon gonakin zaitun da tsaunukan da ke wucewa ta taga har an fara sanar da isowa.

Inda ake buƙatar lura shi ne wajen tikiti. Farashin ba ɗaya ba ne ga kowa: wanda ya saya ta intanet makonni kafin tafiya yana iya samu a ƙasa da Yuro 20, wanda kuwa ya bari sai ranar tafiya zai biya kusan Yuro 50 zuwa kawai. Tikiti mai araha yana ɗaure da jirgi guda da lokaci guda, kuma mafi arahar ba a canza shi ba a mayar da kuɗinsa, don haka wanda ya makara ya yi asara. Wannan shi ne babban raunin tsarin ga mai yini ɗaya, domin irin wannan yini galibi ba a shirya masa tun daga gida, ana farga da shi ne kwana biyu ko uku kafin ya zo, lokacin da tikiti mai sauƙi ya riga ya ƙare. Shawarata ita ce a sayi na safe mai araha idan an samu, na dawowa kuma a ɗauki wanda ake iya canza masa lokaci, saboda babu wanda zai iya cewa ga ƙarfen da zai fito daga Pompei. Akwai jirgin gama-gari da ke tsayawa a ƙananan tashoshi, kuɗinsa kaɗan ne, amma yana cin fiye da awa biyu, wanda hakan zuwa da dawowa zai cinye rabin yinin.

A tashar Termini ba a sanar da layin da jirgi zai tsaya sai saura 'yan mintuna ya tashi, kuma allon sanarwa yana nuna tashar ƙarshe ne, wadda tana iya zama Salerno ko wani gari can kudu. Lambar jirgi ake dubawa, ba sunan gari ba. Haka kuma wasu jiragen suna tsayawa a Napoli Afragola, tashar da mai zanen gine-gine Zaha Hadid ta zana aka buɗe a 2017. Ginin abin kallo ne, amma tana wajen gari, kuma mai zuwa Pompei ba a nan zai sauka ba.

Daga Napoli Centrale ake sauka ƙasa zuwa tashar Garibaldi a shiga Circumvesuviana, ƙaramin jirgin da ke bin gindin dutsen Besubiyo zuwa Sorrento. A nan jin daɗi yake raguwa. Jirgin ma'aikata da 'yan makaranta ne, babu kujerar da aka keɓe wa kowa, da yawa daga taragunsa tsofaffi ne, a lokacin zafi yakan cika maƙil, kuma sanannen abu ne cewa 'yan sane suna bin cunkoson baƙi, don haka jaka ta kasance a gaba. Duk da haka kuɗinsa 'yan Yuro kaɗan ne, kuma cikin minti 35 zuwa 40 yake kai mutum tashar Pompei Scavi, wadda ke daf da Porta Marina, ƙofar shiga kufan. Tikitin Frecciarossa ba ya aiki a wannan jirgi, domin kamfaninsu daban. Ana sayen nasa a tashar.

Abin da ake zuwa gani ya cancanci wannan wahala. A shekara ta 79 miladiyya dutsen Besubiyo ya yi aman wuta, toka da ƙananan duwatsu suka binne garin, ya zauna a ƙarƙashin ƙasa har aka fara haƙa shi a 1748. Faɗin garin ya kai hekta 66, an tono kusan kashi biyu bisa uku, kuma abin da ya bambanta shi da kangayen Rum shi ne cewa a nan rayuwar talaka ake gani. Ga tituna da shatar ƙafafun keken doki a jikin dutse, ga manyan duwatsun da aka jera a tsakiyar titi don masu tsallakawa kada su taka ƙazamin ruwa, ga gidajen burodi da duwatsun niƙansu da tandunansu, ga shagunan sayar da dafaffen abinci da tuluna a binne cikin kanta, ga rubuce-rubucen neman ƙuri'a a bangon gidaje. Siffofin mutanen da suka halaka kuwa, waɗanda masanin kayan tarihi Giuseppe Fiorelli ya fara fitarwa a 1863 ta hanyar zuba farar ƙasa a ramukan da gawarwaki suka bari cikin toka, abu ne da ke sa mai surutu ya yi shiru. Awa huɗu shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata a ware, kuma tun da inuwa ta yi ƙaranci, duwatsun titi kuma ba su daidaita ba, takalmi mai ƙwari da hula da gorar ruwa wajibi ne. Akwai famfunan ruwan sha a ciki. Tun daga watan Nuwamba na 2024 an ƙayyade masu shiga zuwa mutum 20,000 a yini, tikiti kuma yana ɗauke da sunan mai shi, saboda haka a saya tun kafin a baro Rum, a riƙe fasfo.

Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne cusa abubuwa da yawa a yinin, su ce za su ga Pompei, su hau dutsen, su leƙa Sorrento, su dawo Rum da dare. Saurin jirgin ne ke yaudararsu. Abu ɗaya da zan yarda a ƙara shi ne gidan adana kayan tarihi na Napoli, inda aka kai mafi kyawun zane-zane da kayan gida da aka tono, sai dai a sani ba ya buɗewa ranar Talata. Mai tafiya da ƙananan yara ko dattijo kuwa gara ya sauka a Ercolano, a kan layin Circumvesuviana dai, ya ga kufan Herkulaniyum, wani garin da aman dutsen ya binne, wanda ya fi ƙanƙanta kuma har katakon wasu gidajensa ya tsira. Wanda aljihunsa ya yi sauƙi yana da Ostia Antica, tsohuwar tashar jiragen ruwan Rum, wadda ake isa cikin kusan rabin awa daga tashar Porta San Paolo, amma ita kuma ranar Litinin a rufe take.

Kafin a sayi tikiti a bincika ko an sanar da yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa a ranar, domin abu ne da ake yawan yi a Italiya, ko da yake ana sanar da shi tun da wuri, kuma akan ware wasu jirage da za su yi aiki duk da yajin. Saboda wannan dalili ba na ba da shawarar yin wannan tafiya a jajibirin komawa gida idan jirgin sama da asuba zai tashi, kuma kada a dogara da jirgin ƙarshe na dare. Dokar Tarayyar Turai ta tanadi mayar da kashi 25 cikin 100 na kuɗin tikiti idan jinkiri ya kai awa ɗaya, da rabinsa idan ya kai awa biyu, amma wannan ba zai dawo wa mutum da jirgin saman da ya kuɓuce masa ba.

Game da abinci, wanda ake sayarwa a cikin jirgi yana da tsada, kuma yawancin burodin da aka cusa wa nama na alade ne, don haka Musulmi ya tambaya kafin ya saya. A Napoli matsalar tana da sauƙi, domin fiza Margherita tumatir ce da cuku da ganyen basil, marinara kuma ko cukun babu, sai tumatir da tafarnuwa da man zaitun, kuma dukansu ba su da tsada. Abin da ya kamata a yi hattara da shi shi ne sfogliatella, fitaccen kayan maƙulashen garin da ake sayarwa a kewayen tashar, saboda bisa al'ada da kitsen alade ake murza ƙullinsa.