Sola ta biya kaɗan-kaɗan ko ta haɗin gwiwa? Ga amsata

Malam, ka yi tambaya wacce ta fi tsakanin solar da ake biya kaɗan-kaɗan ta waya da haɗa kuɗi da maƙwabtan shago ku kafa babba guda. Ka ɗauki ta biyun, tunda firiza za ka kunna.

Mu shida ne a layinmu nan Marwa, arewacin Kamaru: tela biyu, mai aski, mai cajin waya, mai kantin magani, sai ni mai ruwan sanyi da ƙanƙara. Tsadar mai ce ta haɗa kanmu. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, zuwa-zuwa, wato man sumoga da ake shigowa da shi daga can, ya tashi, janareta ya koma shi ke cin ribar yini. Wutar gari kuwa ka san halinta, arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo mai megawat 72, in ruwa ya ja baya da rani kowa ya ji a jikinsa. Tashoshin solar da aka kafa a garuruwan Marwa da Gidar sun rage zafi, amma mai ƙanƙara ba ya iya zaman jiran sa'a.

Mun jera faifan sola a kan rufin shagon tela, muka sayi batirin litiyam da inbata guda, kowane shago da ƙaramar mitarsa. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci mai kantin magani yake zagayawa da littafi ya karanta mita, kowa ya biya gwargwadon abin da ya sha. Kuɗin kashi biyu muke yi. Kaɗan na yaron da ke goge faifan ne, don ƙurar hunturu in ta kwanta a kai wuta raguwa take yi. Sauran na asusun batir ne, kuma ba a taɓa shi, ko biki ko suna. Nan ne yawancin haɗin gwiwa ke mutuwa: faifai yakan haura shekara 20 yana aiki, batir ba ya kaiwa, ranar da ya gaza in babu ajiya sai kowa ya kalli ɗan uwansa. Yarjejeniyarmu a rubuce take, a gaban jauro, wato mai unguwa, muka sa hannu, har da hana dutsen guga na wuta da abin dafa ruwa.

Azumin 2024 da ya faɗo a tsakiyar zafin Maris da Afrilu, wallahi ba zan manta ba. La'asar sakaliya yara sun yi layi da kula a hannu, na buɗe firiza ƙanƙara ta yi tauri har sai na sa guduma, babu ƙarar inji, babu hayaƙi. Da dare kuma telolinmu suna ta ɗinkin sallah da fitila tar. Dabarar ita ce firiza ta sha wuta da rana tsaka lokacin da faifai ke bayarwa sosai, da dare a bar ta a rufe.

Ta biya kaɗan-kaɗan ba laifi ga gida: ƙwan fitila, rediyo, cajin waya, wata har ƙaramar talabijin. Kana tura kuɗi ta Orange Money ko MoMo su aiko maka lamba, ranar da ka makara ta kulle. Irin wadda aka fi kawowa ba ta ɗaukar firiza, kuma in ka gama biya ka haɗa lissafi ya wuce kuɗin hannu.

Sai ka yi hattara da 'yan kasuwa marasa tsoron Allah. Akwai mai liƙa takardar wat 300 a bayan faifan da bai kai haka ba, akwai mai fente tsohon batir ya saka shi a sabon kwali. Inbata mai arha kuma tana ƙona injin firiza, ka ji yana gurnani kafin ya mutu. Ka tafi da mai gyaran wuta naka, ba na mai shagon ba, ya auna faifan a rana a gabanka, kuma kada ka biya sai da rasit da garanti a rubuce.

Ka fara da mutum huɗu ko biyar da ka yarda da amanarsu, ku zaɓi mai riƙe littafi tun kafin ku sayi ko waya ɗaya.