Littattafai da Mujallun Kiɗan Rock: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Mai son kiɗan rock a wajenmu ba ya shiga kantin littattafai ya tarar da abin da yake so a jere. Sai dai ya yi oda daga waje, ko ya ba wani ɗan'uwa da zai dawo daga Ingila sautu, ko kuma ya ci sa'a wajen masu gwanjon littattafai. Kowace hanya ka bi kuɗi ne, kuma sau da yawa kuɗin aikowa ya fi na littafin kansa. Shi ya sa nake auna kowane littafi da abu biyu. Idan na karanta shafi goma, zan ajiye shi in koma in saurari waƙar da kunne sabo? Sannan abin da za a miƙo mini, na gaskiya ne ko jabu? Kusan dukkansu da Turanci aka rubuta, wannan kuma ka sa shi a lissafi.

Idan kuɗinka na littafi ɗaya ne, sayi Revolution in the Head na Ian MacDonald. Ya fito a 1994, kuma a kan ƙungiyar The Beatles yake, amma ko ba ka damu da su ba ina ba ka shawarar ka same shi. Marubucin ya taɓa zama mataimakin editan NME, mujallar kiɗa ta Ingila, a shekarun 1970. Ya ɗauki waƙoƙin da ƙungiyar ta naɗa ɗaya bayan ɗaya, bisa jerin ranakun da aka shiga situdiyo, ba bisa jerin fitowar faifai ba. Kowace waƙa zai gaya maka ranar da aka yi ta, wa ya riƙe jita, wa ya buga ganga, wa ya rera, sannan ya faɗi ra'ayinsa ba tare da jin kunyar kowa ba.

Wannan tsari ne ya sa littafin ya fi sauran. Kana bi a hankali kana ganin yadda samari huɗu daga Liverpool suka naɗa waƙoƙi goma a yini guda, ranar 11 ga Fabrairu 1963, har muryar John Lennon ta dushe kafin a kai ga ta ƙarshe. Shekara uku kacal bayan haka, a Afrilun 1966, ga su a situdiyon nan na titin Abbey Road suna yanka zaren kaset suna haɗa bakinsa da baki don ya riƙa maimaita sauti, suna tura murya ta cikin lasifika mai juyawa da aka ƙera domin wani kayan kiɗa daban. Waƙar "Tomorrow Never Knows" ke nan. Na daɗe ina jin ta kafin in karanta bayanin, amma ranar da na karanta sai da na saurare ta sau biyar a jere, ina tsintar sautukan da a da suke wuce ni. Daga nan kunnena ya canja har ga sauran kiɗa. Yanzu ko jitar Mdou Moctar na sa, ko ta Bombino na Agadas, sai in tsinci kaina ina raba muryar jita ɗaya da ɗaya, ina lura da inda mai ganga ya ƙara sauri.

Akwai inda muka saɓa da shi. Yana da zafin hukunci, ya ragargaji wasu waƙoƙin da nake ƙauna, kuma Paul McCartney, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, da kansa ya ce akwai wuraren da marubucin ya yi kuskure kan yadda aka tsara wasu waƙoƙi. Turancinsa ma yana da nauyi inda ya shiga ƙa'idojin kiɗa. Duk da haka gardama da mutumin da ya saurara da gaske ta fi mini yabon wanda bai saurara ba. Ka nemi bugu na uku, na 2005, wanda ya fito bayan rasuwar marubucin a 2003. A ƙarshensa akwai jadawali mai jera abin da ƙungiyar take yi wata-wata kusa da abin da ke faruwa a duniya a lokacin. Ka riƙe zancen jadawalin nan, zan dawo kansa.

Na biyu a wajena Deep Blues ne na Robert Palmer, na 1981. Ba littafin rock ba ne kai tsaye, littafin tushensa ne, wato kiɗan blues na baƙaƙen Amurka. Ya fara da ranar da Alan Lomax, mai tattara waƙoƙin gargajiya, ya je wata gonar auduga a Misisipi a 1941 ya naɗi muryar mawaƙi Muddy Waters, ya bi kiɗan har birnin Chicago inda aka jona jita da lantarki, ya kuma waiwayo Afirka ta Yamma neman asalin salon. Bahaushen da ya tashi yana jin gurmi da garaya zai karanta wannan ɓangaren da wata fahimta ta daban. Sunan ƙungiyar The Rolling Stones ma daga waƙar Muddy Waters aka samo shi.

Sauran kuwa ba za su ɗauke mu lokaci ba. Tune In na Mark Lewisohn, na 2013, bincike ne mai zurfi kan The Beatles, sai dai ya kai wajen shafi 900 kuma a ƙarshen 1962 ya tsaya, don haka na wanda ya riga ya kamu ne. Life na Keith Richards, mai jitar The Rolling Stones, na 2010, yana da daɗin hira, kuma inda ya bayyana yadda yake cire tsirkiya ɗaya ya bar biyar a jitarsa ya amfani mai koyon kiɗa. Just Kids na mawaƙiya Patti Smith rubutu ne mai kyau, amma labarin abota ya fi yawa a ciki. Hammer of the Gods, a kan ƙungiyar Led Zeppelin, tsegumin otal ne, 'yan ƙungiyar ma sun ƙaryata shi, kar ka ɓata kuɗinka. Wanda nake so ka sa wa ido shi ne Wake Up You!, kundi biyu da kamfanin Now-Again ya fitar a 2016, faifai haɗe da littafin da Uchenna Ikonne ya rubuta kan rock ɗin Najeriya daga 1972 zuwa 1977, zamanin su Ofege da The Funkees, bayan yaƙin basasa. Da yawa daga cikinmu ba mu ma san an yi wannan zamani a ƙasar nan ba.

A mujallu Mojo na zaɓa. Tun 1993 take fitowa wata-wata daga Ingila, maƙalolinta dogaye ne, kuma tana zuwa da faifan CD manne a bango. Aibinta shi ne fuskoki kaɗan ne suke ta zagayowa a bangon, yau Beatles gobe Bob Dylan jibi David Bowie. Uncut, wadda ta fara a 1997, tana biye da ita kusa-kusa, kuma ita ce ta ba Tinariwen na Mali kyautarta ta kiɗa a 2009, abin da ya ƙara mata daraja a idona. Classic Rock ta masu son jita mai ƙara ce. Rolling Stone, ta Amurka, tun 1967 take, amma siyasa da fina-finai sun cinye mata wuri. Q ta daina fitowa a 2020. 'Yan'uwa na Nijar da suka fi sakewa da Faransanci suna da Rock & Folk, wadda ake bugawa a Faransa tun 1966.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. Karon farko da na sayi littafin MacDonald, daga wani mai talla a intanet na saya. Hoton da ya sa na bugun asali ne, farashin ya yi ƙasa da rabin na sauran wurare, ya ce a tura kuɗi tukuna. Na tura. Abin da ya iso kwafi ne na masu satar fasaha. Takardar shara-shara, rubutun bayan shafi yana leƙowa ta gaba. Jadawalin nan na ƙarshe, da yake da ƙananan haruffa aka buga shi, ya dame ya zama baƙin tabo, ko layi ɗaya ba ya karantuwa. A tsakiyar bayanin waƙoƙin 1967 shafuka goma sha shida babu su, an maimaita na bayansu a gurbinsu. Hunturu na shigowa gam ɗin ya bushe, littafin ya rabe gida biyu. Da na kira mutumin sau biyu, a na uku ya toshe lambata. Wata huɗu na yi ina tara wani kuɗin.

Don haka kafin ka tura ko sisi, ka ce a ɗauko maka bidiyon ainihin littafin da za a aiko, ba hoton da aka kwaso daga shafin maɗaba'a ba. A buɗe shi a gabanka, a nuna maka shafin farko mai ɗauke da sunan maɗaba'a da shekara da lambar ISBN, sannan ka binciki lambar da kanka ka ga ko ta dace da bugun da yawan shafukan. A nuna maka shafi mai ƙananan haruffa, domin nan ne jabu yake fara tona kansa. Idan littafin mai hotuna ne, na asali a kan takarda mai sheƙi suke, na jabu kuwa fuskokin mutane sun zama dunƙulen tawada. Wanda ya ƙi yin bidiyon, ko ya ce kaya suna sito, ka bar shi. Ni yanzu tsohon littafi na gwanjo mai lanƙwasasshen bango, wanda wani ya yi rubutu a gefensa, ya fi mini sabo fil mai arahar da ba ta da dalili.

Akwai wata cutar da ta fi wannan sabunta. Da zarar wani shahararren mawaƙi ya mutu, cikin kwanaki kaɗan sai ka ga littattafan tarihin rayuwarsa sun cika shagunan intanet, 'yan sirara, shafi sittin ko tamanin, da sunan marubucin da babu wanda ya taɓa jin sa. Bayanan intanet ne aka kwafe, ko kwamfuta ce ta harhaɗa. Ka duba ranar fitowa, ka duba ko marubucin yana da wani aiki da aka sani, ka duba ko akwai fihirisa da jerin mutanen da aka yi hira da su. Littafin da aka ce mawaƙin ya sa wa hannu kuwa, ba na ƙara ko kwabo a kansa, don takardar shaidar da ake haɗowa da shi kowa zai iya buga ta.

Mujallu ma ba su tsira ba. Masu sayar da tsofaffin Mojo da Uncut sukan ɓalle faifan su sayar da shi daban, su karɓi kuɗin cikakkiya a hannunka. Ka dubi bangon da kyau. In ka ga shatin gam ko wurin da takarda ta ɗaye, an cire faifan ne, sai a rage maka farashi. In kuma karatun kawai kake so, biyan kuɗin shekara na bugun da ake karantawa a waya ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, sai dai ka tabbatar ta shafin mujallar ko manhajar da ita ta ambata ka biya, ba hannun wanda zai turo maka fayil ɗin da ya sato ba.