Shekara biyu da katin inshora a aljihuna

Da farko kallon asara nake wa inshorar lafiya ta gwamnati. Duk wata a cire daga albashina, alhali in ban da zazzaɓi ba abin da ke kai mu asibiti. Sai da aka ce ɗana mai shekara 6 yana da sankarar jini sannan na san abin da na yi ta biya.

Wannan cuta ba a gama da ita a wata ɗaya. Likita ta ce mu shirya wa shekara 2 zuwa 3: kwanciya, ƙarin jini, allurar da ake yi a gadon baya, gwajin jini kusan duk zuwa, kuma ba a tsallake zagayen magani. A nan katin ya yi mana rana. Ranar da aka ce mu zo, zuwa muke, ko an yi albashi ko ba a yi ba. A ɗakin da muka kwanta akwai wata baiwar Allah mai jinyar nata yaron, ba ta da kati. A gabana ta cire 'yan kunnenta ta miƙa wa ƙaninta ya sayar, bayan wata biyu kuma muka daina ganinsu. Ita nake tunawa duk lokacin da na ji ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu sankara suna warkewa, a ƙasashe da yawa marasa ƙarfi kuwa ba su kai kashi 30 ba, kuma barin magani a tsakiya yana cikin dalilan.

Ƙorafina shi ne jira. Kafin asibitinmu na farko ya tura mu babban asibiti sai da aka nemi lambar amincewa daga masu inshorar, muka yi kwana uku muna safa da marwa, yaro yana galabaita a kafaɗata. Sau biyu aka rubuta maganin da ba ya cikin jerin magungunan da inshorar ke biya, daga aljihu muka saya. Kuɗin mota da ranakun aikin da mahaifiyarsa ta rasa, wannan ba ruwansu.

Yanzu ƙwaya yake sha a gida kullum, gashinsa ya tofo, har ya koma makaranta. Makon jiya na tsaya a kan ƙanwata sai da ta yi wa 'ya'yanta uku rajista.